Kibiyar da Malam Lawal Ya Gani

Ina ofis a wannan ƙasa mai sanyi sai Kabiru, abokin karatuna, ya kira ni. "Ɗan'uwa, sai haƙuri. Malam Lawal ya rasu da safe. Yanzu muka dawo daga kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam ne ya koya mini lissafi a jami'a a Katsina. Fanninsa lissafin sinadaran cikin ƙwayar halitta, yadda wani ke ƙara wani, wani ke rage wani, da ko a ƙarshe za su natsu wuri guda. Yakan zana su a allo, ya haɗa da kibiyoyi, kowace da alamar ƙari ko ragi, sannan ya bi kowane zagaye da yatsa. In ragin kowane zagaye bibbiyu ne, tsarin yakan natsu. In ɗaya ya yi saura, babu tabbas. Yakan ce, "Kwamfuta abin da ya faru jiya take nuna maka. Hujja ce ke lamunce maka gobe."

Shekarunsa a sashen ba su kai shi farfesa ba. Waɗanda suka danne takardunsa, na ji su ne a sahun gaba wajen jana'izarsa. Na bar su da Allah, don ni ma ba wankakke ba ne.

Bayan na zo nan, na aika masa aikin digirina da na shekara biyu a kai. Ya kira ni daga gidansa na Ƙofar Sauri.

"Aminu, kibiya ta tara ragi ce. Ka ƙirga?"

"Malam, kwamfuta ta nuna ya natsu."

"To ita za ka ba digirin?"

Na ce masa zamani ya wuce alli, na kashe waya. Bayan wata shida masu tantance mujalla suka dawo mini da aikin, a kan wannan kibiyar. Na gyara, aka buga, ban kira shi ba. Kullum sai gobe.

Kabiru ya ce kafin a sallace shi liman ya roƙi duk wanda Malam ya ɓata wa ya yafe masa. Ba a tambayi waɗanda suka ɓata masa ba.

Malam, kai ne da gaskiya. Na faɗa yau a wannan rubutu, a gaban jama'a, tunda ban faɗa a kunnenka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Allah Ya ba matarka Hajiya Binta da yara haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma, Ya Allah, Ka sa ya yafe mini tun kafin ya tafi.