Sunan Baba Ina-Zuwa a Cikin Kwamfuta

Shekara ashirin da shida Baba Ina-Zuwa ya yi yana masinja a kamfaninmu na kayan gini, kuma ban taɓa jin an ce ko biro ya ɓata a hannunsa ba. Laƙabin daga bakinsa ya fito: ko mutum uku suka kira shi lokaci guda, kowa "ina zuwa" zai ce masa, kuma sai ya zo ɗin. Dukiyarsa keke ne mai kwando, da jakar fata da ya ɗinke hannunta da zaren buhu. Ni akawu ce a ofishin lissafi. 'Yata yake ce mini, ni kuma Baba.

Da kamfani ya sayi manhajar lissafi, masu ita suka ce kowane ma'aikaci sai an buɗe masa tasa ƙofar, da sunansa da lambar sirrinsa, kuma kowace ƙofa da farashinta. Mu shida ne a ofishin. Manaja, mutumin da ko gaisuwa sai ya nemi ragi, ya ce ɗaya ta ishe mu. To da sunan wa? Akawu na iya barin aiki, sakatariya na iya tafiya haihuwa. Sai ga Baba ya shigo da fayil a hammata.

"Yawwa! Baba, kawo katin shaidarka. Kai ne ba ka zuwa ko'ina."

Baba ya miƙa da hannu biyu, har da murmushi. A zatonsa girma aka ba shi.

Shekara bakwai muna shiga da sunansa, mu shida, har da ɗalibai masu koyon aiki. Lambar sirrin tana manne a jikin bango kusa da kalanda, kowa ya shigo sai ya gan ta. Sau uku mai gyaran kwamfuta yana rubuto wa manaja cewa wannan ganganci ne, a raba ƙofofin, a sabunta kariya. A shekarar da ya rubuto ta ukun aka canza kujerun ɗakin taro.

Ranar wata Litinin da safe muka kunna kwamfutoci, komai ya ƙi buɗuwa. Ɓarayin intanet sun shigo, sun kulle bayanan, sun kwashe sunaye da lambobin bankin abokan cinikinmu. Kafin azahar waya ta ishi manaja, kuma dole a gaya wa mutane wani abu. Masu bincike suka duba ta inda aka shiga, suka ga suna ɗaya.

Aka kira Baba ɗakin taro, aka zaunar da shi a kan sabuwar kujera, karo na farko a rayuwarsa. Ni aka sa ɗaukar bayanin zaman.

"Wa ka ba lambar sirrinka?" in ji manaja, ko kunya babu.

"Ranka ya daɗe, wace lamba?"

"Ta shiga kwamfuta mana."

Baba ya juyo ya dube ni. "'Yata, ashe ina da lamba?"

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma rabin haushin kaina nake ji. Na san amsar. Da yatsuna nake buga ta kowace safiya. Amma ina da yara uku, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Wasiƙar da aka aika wa abokan ciniki ta ce abin ya faru ne saboda sakacin wani ma'aikaci, kuma an ɗauki mataki. Saura wata takwas Baba ya yi ritaya aka kore shi. Mutumin da ko ƙura bai taɓa gogewa a kan kwamfuta ba don gudun kada ya ɓata wani abu! Kafin mako ya zagayo zance ya kai unguwarsu, kuma a can babu mai cewa sakaci. Cewa ake yi tsohon nan ya haɗa baki da ɓarayi. Surukinsa ya daina aikensa banki.

Bayan wata guda na tarar da shi a bakin ƙofar kamfani, riƙe da kekensa, mai gadi ya hana shi shiga. Ya rame ƙwarai.

"'Yata, ba aiki na zo roƙo ba. Ba ni da gida, ba ni da gona, sunan nan ne kawai zan bar wa yara. Tunda sun gama da ni, ki ce su cire mini shi daga cikin injin nan."

Na ce masa to, Baba. Na hau sama na sami manaja, na gaya masa. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce buɗe sabuwar ƙofa kuɗi ne, a bari sai baɗi, ai an canza lambar sirri.

An canza kuwa. Tana nan manne kusa da kalanda, a sabuwar takarda. Na koma kujerata, na buga sunan Baba, na buga lambar. Kwamfuta ta buɗe, ta yi masa barka da zuwa.