Malam Obadiya Ya Rasa Abokin Gardama

Mutanen Tudun Wadar Zariya da suka san Malam Obadiya sun fi tuna shi da baƙin kekensa mai kwando a gaba, da yadda yake sauka ya tura shi da hannu duk sa'ad da zai wuce gaban dattijai. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. An haife shi a wani ƙauye kudu da Zariya, ya yi karatu a hannun 'yan Mishan tun suna cikin birni, kafin su koma Wusasa. Daga nan ya zama malamin Turanci, bai kuma taɓa wata sana'a ba har Ubangiji Ya karɓi abinsa.

Matarsa Suzana Bakanuwa ce. Kowa ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Abokan wasa ne, sai su faɗa wa juna abin da wani bai isa ya faɗa ba, babba ko yaro, ba mai riƙe wani a zuci. To, Suzana ta ɗauko wasan nan ta shigo da shi ɗakin aure. In Malam ya ce yau za a yi ruwa, sai ta fito da shanya. In ya ce miya ta yi gishiri, sai ta ce, "Ina Bazazzagi ya san daɗin miya? Ci ka gode wa Allah da ka auri 'yar birni." Shi kuwa ya ce, "Wane birni? Kasuwa ce aka yi wa ganuwa." Matan gidan hayar da suke zaune suna jiyo su ta taga suna dariya. Shekara ashirin da biyu suna haka, Allah bai ba su haihuwa ba. A daminar 1953 zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, rana ta bakwai aka kai ta asibiti a Wusasa, ba ta dawo ba. Allah Ya jiƙanta.

Mutane sun tausaya masa ƙwarai, kuma tausayin ne ya fi yi masa nauyi. Duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne. Wata rana da yamma hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, ya dubi Ishatu, matar ɗakin da ke kusa da nasa, ya ce, "Yau kam ba za a yi ruwa ba." Ta ce, "Haka ne, Malam," tana ta kwashe shanyarta da sauri. Ya daɗe a tsaye yana kallon igiyar da ba komai a kanta, sannan ya shiga ɗaki.

A 1955 aka kawo wani akwatin littattafai makarantar sakandaren da yake koyarwa, kyauta daga ƙasar Amirka. Baturen da ke shugabancin makarantar ya duba ya ce babu ko ɗaya daga ciki da ke fitowa a jarrabawa, a kai sito. Malam Obadiya ya ari uku ya tafi da su gida. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne mutanen cikin littattafan ba sa jin nauyin cewa a'a. Manomi ya miƙe a taron gari ya musa wa shugaba, ɗa ya musa wa ubansa a kan abinci, kowa da hujjarsa, gobe kuma a gaisa.

Ya je ya roƙi a ba shi awa ɗaya a mako ya karanta wa 'yan aji na sama, ya koya musu yadda ake kafa hujja da yadda ake rushe ta. Baturen ya ba shi awar ƙarshe ta ranar Alhamis, da sharaɗi. A makon ƙarshe kafin hutu zai zo da kansa ya zauna. In ya tarar yara suna muhawara, shi ke nan. In kuwa zama kawai suke yi, awar ta koma ta nahawu, akwati ya koma sito.

Labarin da Malam ya zaɓa na wani mai fito ne a bakin babban kogi. Kogi ya cika ya tumbatsa, mutane suka zo da mara lafiya suna so a haye da shi wurin likita, mai fito ya ƙi, ya ce ba zai jefa rai biyar cikin ruwa saboda rai ɗaya ba. Malam ya karanta musu sau biyu, ya rufe littafi, ya ce a ganinsa mai fito ya yi daidai.

Ɗalibai ashirin da takwas, wasunsu har gemu ya fara fito musu, suka ce, "Haka ne, Malam."

Mako na gaba ya ce ya sake tunani, mai fito matsoraci ne kawai.

"Haka ne, Malam."

Ya kira wani Bazazzagi mai ƙoƙari da ke zama a gaba. "Mika'ilu, ba kai ka ce ya yi daidai ba wancan makon?"

Mika'ilu ya miƙe, ya sunkuyar da kai. "Malam ne ya ce."

Sai ya raba su gida biyu, ya cire kansa daga ciki. Nagoda, babban ɗalibin ajin, ya tashi ya yi magana mai kyau yana kare mai fito. Aka ce Isiyaku ya ba shi amsa. Isiyaku ya dubi Nagoda, wanda ya girme shi da shekara huɗu, ya ce da Turanci mai tsabta, "Abin da yayana ya faɗa ya wadatar." Ya zauna.

Malam bai ga laifinsu ba. Tarbiyya ce, shi ma da ita aka raine shi, shi ya sa yake sauka daga keke. Amma makonni suna ta tafiya. Ranar Asabar da la'asar yakan zauna a ɗaki ya karanta labarin da ƙarfi, ya kawo hujja, ya yi shiru, ya kawo wata. Matan gidan sun ɗauka addu'a yake yi, har suna hana yara hayaniya. Ishatu ce ta lura cewa shirun nan da yake yi bai wuce tsawon amsar mutum ɗaya ba.

Ya rage saura mako guda kafin zuwan Bature. Lokacin hutun tara Malam ya bi ta bayan ɗakin cin abinci yana tura kekensa, sai ya ji murya ta tashi.

"Kai dai faɗi gaskiya, tsoron ruwa kuke yi! Bazazzagi in ya ga kogin Kubanni ya kawo sai ya koma gida ya ce gobe!"

"Ji mai magana! Ku Kanawa ai da mara lafiyar da jirgin duk sai ku kai kasuwa. To amsa min, in jirgi ya kife, wa zai rene 'ya'yan mutum biyar?"

"Wa ya ce maka zai kife? Shekara nawa mutumin nan yana fito? In bai iya ruwa ranar wuya ba, ranar me ya iya?"

Malam ya leƙa. Mika'ilu ne da Gwadabe, wani Bakano ɗan ƙarami da ke zama a layin baya, wanda tun farkon shekara bai taɓa buɗe baki a aji ba. Ga shi yana nuna Mika'ilu da cokali, alhali Mika'ilu ya ba shi shekara uku. Malam ya jingine keke a bango. Ya nemi dutse ya zauna. Shekara biyu rabon da ya ji wannan irin murya.

Ranar ya tafi gida da rajistar aji. Ya bi suna ɗaya ɗaya yana rubuta garin kowa a gefe da fensir. Kanawa huɗu ya sa su fuskanci Zage-zagi huɗu. Fulani uku, ya samo musu Barebari uku, don su ma abokan wasa ne. Sauran ya ce su ne alƙalai.

Alhamis ta zo, Bature ya zauna a baya da ɗan littafinsa. Da farko aka yi ta kallon ƙasa. Sai wani Babarbare ya ce ba ya tsammanin Bafulatani zai gane labarin da babu saniya a ciki. Shi ke nan aka ɓalle. Turancin yana tuntuɓe yana tashi, amma hujja tana bin hujja, har alƙalai suka manta su alƙalai ne. Da lokaci ya kusa, Malam ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya taƙaita maganar kowa, ya ce in an auna, mai fito ya yi daidai.

Wasu suka fara cewa haka ne. Sai ga hannu daga layin baya.

"Malam, a gafarce ni. Malam mutumin ina ne?"

"Bazazzagi ne ni, Gwadabe."

"Shi ya sa." Gwadabe ya miƙe tsaye. "Malam bai yi daidai ba. Malam ya ƙirga mutum biyar da za su shiga jirgi, bai tambaye su ba. Su suka zo da ƙafarsu suka ce a haye da su."

Nagoda ya rufe fuska da hannu. Malam Obadiya ya juya wa ajin baya, ya ɗauki tsumma ya shiga goge allo, allon da babu rubutu a kansa. Ya daɗe yana gogewa. Da ya juyo, idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ta fita sosai.

"To, ɗan kasuwa, ci gaba. Ina jin ka."

Akwatin bai koma sito ba. A ƙarshen shekarar Gwadabe ya gama ya koma Kano, ba su sake haɗuwa ba. Malam ya ci gaba da awarsa ta Alhamis shekara huɗu. A Tudun Wada kuwa ba abin da ya sake, kowa dai haka ne, Malam. Duk farkon shekara in an ba shi sabuwar rajista, kafin ya duba komai sai ya bi ta da yatsa yana neman Kanawa. A 1959 bai sami ko ɗaya ba. Ya haɗa Fulani da Barebari suka yi ta fama da juna, shi yana tsaye a gefe yana saurare, ranar Alhamis kuma yakan dawo gida da wuri. A ƙarshen daminar shekarar ya rasu, aka binne shi a Wusasa kusa da Suzana. Allah Ya ba su hutawa.