Ɗorin Da Na Yi A Bainar Jama'a

Assalamu alaikum Edita. Wani tsoho ne ke rubuto maka daga Makka, da wani nauyi da ya daɗe a ƙirjinsa.

A shekarun da aka gama yaƙin Turawa na biyu ni matashi ne a unguwar Jarwal ta nan Makka, maɗori ɗan maɗori. Mahaifina da ƙafa ya zo daga ƙasar Sakkwato, a nan aka haife ni. Hannunsa kam na gada, haƙurinsa ne ban gada ba. Bayan ya rasu sai na ga mutanenmu sun koma wurin wani maɗori mutumin Yaman, abin ya tsaya mini a rai. Na ce tunda sun ƙi zuwa, ni zan bi su. Suna, walima, saukar karatu, majalisar dattawa bayan la'asar, duk inda aka shimfiɗa tabarma aka zuba gahawa sai ka gan ni na raɓe kusa da mai gida, ina roƙon ya ba ni dama in yi wa jama'a bayani kan ciwon baya da targaɗe. Baki gare ni, ba laifi. Har tsokanata ake yi, wai ko jaki ya yi tuntuɓe a Jarwal sai na yi huɗuba a kai. Mahaifiyata ta ja mini kunne, ta ce abu mai kyau shi ke sayar da kansa, kuma babana bai taɓa duba mutum a gaban mutane ba, ɗaki yake kai shi ya saki labule. Na ɗauka tsohon yayi ne, ko dalili ban tambaya ba.

Ana saura 'yan makonni aikin Hajji, shehin unguwarmu ya shirya walima don baƙin da suka iso daga gida. Na yi ta zarya gidansa har ya gaji ya ce in yi magana bayan an ci abinci. Cikin baƙin akwai wani dattijo da ya shekara bakwai a hanya, yana tafe yana tsayawa ƙwadago a gonakin Sudan. Da ya iso sai ya kama ga-ruwa, yana hawa benaye da garwa biyu a kafaɗa, yana jiran Hajjinsa na fari. Ina cikin zuba bayani sai na lura a karkace yake zaune. Raina ya ce ga dama ta samu. Na kira shi baba, na ce ya fito in gyara masa bayansa kowa ya gani. Ya ce in bar shi, gajiya ce kawai. Shehi ya sa baki, ya kira shi ya ammi, wato baffa, ya ce ya tashi mana, ai yaron gwani ne. Baƙo ba ya musu da mai masaukinsa, sai ya taso ya kwanta rub da ciki.

Na latsa gadon bayansa na tambaye shi ko da zafi. Ya ɗaga kai ya dubi mazan da suka kewaye shi, ya ce babu. Gumi na keto masa, ya damƙe bakin tabarma da hannu biyu. Wallahi na gani, amma hankalina yana kan fuskokin jama'a. Na sa gwiwa na danna, na murɗa shi, aka ji ƙas. Wuri ya ɗauki masha Allah. Dattijon ya ja jiki ya jingina da bango, har godiya ya yi mini. Da aka kira magariba kowa ya miƙe, shi bai miƙe ba.

Washegari abokin tafiyarsa ya gaya mini cewa kwana uku kafin walimar ya faɗo daga matakala da ruwa a kafaɗa, ya ɓoye don kada a ce ya zama kaya. Ƙashin tsagewa ya yi, ni na ƙarasa shi. Sai a ranar na gane amfanin labulen babana. Dattijon Bahaushe ba ya cewa wayyo a gaban maza, maɗori kuwa da wannan wayyon yake gane inda zai taɓa da inda zai bari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi jinyarsa iyakar sanina, ƙafafun ba su dawo ba. A kan gadon katako ya yi Hajjinsa, mu huɗu muka ɗauke shi a kafaɗa, ina ɗaya daga ciki. Abin da ya fi ci mini rai, mutane sai yabona suke yi, wai ga yaron kirki mai tausayin baƙo. Duk wanda ya tambayi dattijon, cewa yake faɗuwa ce, ni kuma tsoro ya hana ni buɗe bakin nan da ba ya gajiya. Ranar Arfa na durƙusa na nemi gafararsa. Ya dafa kaina ya kira ni ɗansa, ya ce ma'alesh, wato ba komai, haka Allah ya rubuta, amma na gaba in ja shi gefe kafin in tambaye shi inda ke ciwo. Bai koma gida ba, a nan Makka aka binne shi.

Tun daga ranar ban sake neman a ba ni magana a taro ba. Ban ce yi wa jama'a bayani laifi ne ba, ilimi a faɗe shi. Amma ku masu sana'ar taɓa jikin mutane, maɗora da wanzamai da masu tausa, in an ba ku dama ku yi magana ku zauna, kada ku mai da jikin bawan Allah abin tallanku. In kuma kun gaji wata ƙa'ida daga magabata, ku tambayi dalilinta kafin ku yar. Ni ban tambaya ba. Har yau in na shiga Harami na ga tsofaffi suna ɗawafi da ƙafarsu, sai in sunkuyar da kai. Mutumin da ya taka shekara bakwai don ya zo ɗakin nan, zagaye bakwai ya gagare shi, kuma hannuna ne sanadi.