Shekarar da Yashi Ya Ci Fadamarmu

Fadamarmu tana kusa da Kazage, inda rafi ke fitowa daga daji ya baje. Ba ma noma ta. Kowace damina ruwa kan malale ta, in ya janye ya bar baƙar laka, a kanta ciyayin burugu da roba ke tashi har su kai wa mutum ƙirji. Da kaka mu yanka, mu shanya, mu ɗaure ingirici dami-dami. Shi dabbobinmu ke ci har faɗuwar ruwa.

Ina da 'ya'ya biyu idon mahaifina ya tafi. Duk da haka shi ke cewa a yanka ko a dakata. Nakan ja masa sanda mu shiga fadamar, ya murza ƙasa a yatsu, ya shinshina.

A shekarun da mahara suka matsa mana, mutanen ƙauyukan da ke sama da mu suka sare itatuwan bakin rafi suka yi kafi. Ba wanda ya ga laifinsu, mu ma mun taya su ɗauka. Da damina ruwa ya sauko jawur, da ƙarfin da ba mu saba gani ba. Bayan ya janye na kai Baba. Taku kaɗan ya yi ya tsaya, ya durƙusa ya tura hannu har gwiwa. Babu laka, sai yashi.

Burugu ya fito tsilli-tsilli a gefe, tsakiya kuwa tofa ta cinye. Na wasa lauje zan kwashe ɗan abin da ya samu, Baba ya hana ni.

"In ka yanka bana, baɗi ba iri," in ji shi. "Bar ciyawar ta zubar da 'ya'ya."

Na tambaye shi abin da shanunmu biyu za su ci. Ya ce in kai shi ruga wurin amininsa, wani dattijon Bafulatani da kan sauka bakin fadamar kowane rani, mu ba maruƙansa ingirici, garkensa ya bar mana taki. Da bakinsa Baba ya gaya masa bana babu. Dattijon ya sunkuyar da kai, sannan ya ce a haɗa shanunmu da nasa ya yi kudu da su. Ɗaya ce ta dawo.

Kafin ruwa ya faɗi, Baba ya sa ni da matata muka haƙo saiwar ciyawar jema muka dasa layi-layi a inda rafin ke shigowa, don ta rage wa ruwa gudu ya ajiye laka. Yana zaune a inuwa yana tambaya ko mun matse layin.

Damina ta uku bayan dashen ya rasu. Sai bayan shekara biyu muka sake sa lauje, shi ma a gefen yamma kaɗai. Gefen gabas bai farfaɗo ba har yau, gujiya muke shukawa a wurin.