Miyar da Kaka Mal-sun Ta Hana

Ranar Talata, huɗu ga Maris, Allah ya yi wa kakata Go Mal-sun rasuwa a gidanmu da ke tsibirin Jeju, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya. A wurin jana'iza an ce in yi magana, na kasa. Shi ya sa na rubuta.

Kaka, ke kika fara lura Mama tana zubar da jini, tana ɓoyewa don kada a hana ta sana'arta ta nutso a teku. Daga kan shimfiɗarki kika ce, "Maman Da-hye, ni na haifi mijinki, ni za ki ɓoye wa? Ɗauki jaka."

Kika ce ni, Da-hye, in raka ta asibiti. Likita ta ce tsiron nama ne a mahaifa, kamar ƙwayar wake. Ana iya zuba masa ido, ko a sha maganin rage jini, amma tsiron na nan. Ko a zura siririn bututu mai kyamara a tsinke shi ba tare da yanka ciki ba, a kai gwaji. In mugu ne, sai a cire mahaifar. Mama ta zaɓi jira. Da muka dawo ni na faɗa miki, kaina a sunkuye.

"Ke kina da lokacin jira," kika ce mata. "Ni ba ni da shi."

Mama ta yarda, aka cire tsiron, ta kwana a gida ranar.

Muna jiran sakamako, kika hana dafa miyar ganyen teku, wadda ake ba mai jego, wai santsinta zai zamar mana da sa'a, kamar yadda ake hana mu ita ranar jarrabawa. Numfashinki yana ta raguwa. Tsorona biyu ne: abin da za a ce, da kada ki tafi ba ki ji ba.

Ranar Asabar aka kira daga asibiti: ba ciwon daji ba ne. Kika ce, "To, a ɗora tukunya. Surukata ta haifi ƙwayar wake." Kika sha cokali biyu, kika ce na cika gishiri.

Ina kewarki, amma zuciyata a sake take, domin kin ji.

Allah ya jiƙanki, ya ba ki hutu. Ya ba Baba da Gwaggo Sun-ja haƙuri. Mama ta koma teku jiya.