Shamuwar da Ta Ƙi Tafiya

A kakar shekarar da na shiga aji uku na elementare, saura 'yan shekaru ƙasar nan ta karɓi mulkin kanta, wata safiyar Lahadi ina durƙushe a tsakar gidanmu da ke unguwar Laranto a Jos ina cuɗa kwanuka da toka, sai kakana, wanda duk unguwa ke kira Baba Tsoho, ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. Na ɗaga kai, na hangi shamuwoyi kamar talatin suna kewayawa can ƙololuwa, babu mai kaɗa fiffike a cikinsu, sai ka ce an rataye su da zare. Ya daɗe yana dubansu, sa'an nan ya ce, "Baƙinmu sun fara ɗaure kaya." Daga nan ya sauko da idonsa gindin rumbu, inda tawa shamuwar take tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiyar kaji, ya ce, "Ke kuma, uwargida, taki fa? A ƙafa za ta bi su?" Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

Baba Tsoho ya ƙare ƙuruciyarsa a ramukan kuza, har ya kai matsayin helma, wato shugaban lebura, kuma tun da bayansa ya ranƙwafa ya ajiye aiki, ba shi da wata sana'a sai kallon tsuntsaye. Tsararrakinsa suna zaure suna dara, shi kuwa yana bisa wani faffaɗan dutse a bayan unguwa, ya harɗe ƙafafu, ya ɗora haɓa a kan sanda. Ya san makon da shirwa ke dawowa, ya san bishiyar da balbelu ke kwana bayan sun yini bin shanun Fulani, ya san kwarin da gauraki ke rawa. Bai taɓa kama ko ɗaya ba. Yayyena maza sun bi shi sau biyu, ya ga danƙo a aljihunsu, ya karɓe, ya sallame su. Ni ce na rage, domin na iya zama wuri ɗaya. Abin da yakan ce mini kawai shi ne, "Ki bar ido ya yi aikinsa, hannu ya huta."

Shamuwar nan kuwa ƙanƙara ce ta ba ni ita. A tsakiyar daminar shekarar aka yi ruwa mai duwatsun ƙanƙara irin na Jos, wanda ke huda ganyen gwaza, ya kakkaɓo sheƙa guda daga tsamiyar bayan gidanmu. Da gari ya waye na tarar da 'ya'ya uku a ƙasa, biyu sun mutu, ɗaya tana buɗe baki. A wajenmu ba a taɓa shamuwa. Baƙuwar damina ce, ita ke shigowa gaban ruwa, kuma gidan da ta zaɓa ana yi masa barka. Saboda haka ko da Inna, mahaifiyata, ta ce ba za ta rayu ba, ba ta hana ni tsohon kwandonta ba. Na shimfiɗa tsumma, na shiga farautar fara da tsutsa da ƙananan kwaɗi. A makaranta, in an fita hutun ƙarfe tara, ƙawayena suna gaɗa da carafke, ni ina bayan lambun makaranta ina cika gwangwanin madara da fara, har suka raɗa mini suna Uwar Shamuwa. Wata rana malaminmu ya ji motsi a ƙarƙashin bencina, ya buɗe gwangwanin, fara suka watsu cikin aji, yara suka hau tsalle da ihu. Na sha bulala huɗu, amma da aka tashi sai da na tsince abin da ya samu.

Kuskurena shi ne na yi mata reno irin na kaza, domin shi kaɗai na sani. Na ɗaure mata ƙafa da ƙyalle a ginshiƙin rumbu, kamar yadda ake yi wa sabuwar kaza har ta saba da gida. Da magariba in kai ta akurki. Abinci kuwa a tafin hannuna, in na ƙyasta harshe ta taho da gudu. Ta girma ta yi kyau, baƙin bayanta yana sheƙi, cikinta fari fat, amma ba ta taɓa haye katanga ba. Inda duk jan zanena ya nufa, nan take nufa, har bakin famfo. Maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarabiya mai sayar da atamfa, ba ta wucewa ba ta tsokane ni ba: "Yarinya, wannan kaza naka mai dogon ƙafa, yaushe zai yi ƙwai mu saya?"

Ranar Lahadin nan Baba Tsoho ya zaunar da ni ya yi mini magana irin ta manya. Ya ce da an gama yankan acca fara za ta ƙare, kwaɗi su shige ƙasa, sanyi ya sauko. Kuma a duk shekarunsa bai taɓa ganin shamuwar da ta yi rani a kan duwatsun nan ba. In ayarin ya tashi ya bar ta, to, mutuwa za ta yi a gaban idona. A ganinsa kwanakin da suka rage ba su fi goma ba.

Na kwance ƙyallen a ranar. Na riƙa ɗora ta a kan katanga ina kora ta, ta yi fiffike biyu zuwa rufin ɗaki, ta sauko gindin ƙafata. Bayan kwana biyar ta iya kewaya gidan sau ɗaya a sama. Sai muka ɗauke ta zuwa fadamar da ke kusa da wani tsohon kududdufin kuza, inda 'yan'uwanta ke taruwa. Na ajiye ta, na juya, ta biyo ni. Kashegari ma haka, tana tafe a bayana da taƙama har cikin unguwa, masu tura kurar katako suna dariya. Baba Tsoho bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ta da laifi. Muddin tana ganinki, ba za ta ga sama ba." Ya yanke cewa za ta yini ba abinci, shi zai ɗauke ta da kansa, ni kuwa in tuɓe jan zanen, in ɓuya, kuma kome ta yi kada in kira ta. Yinin nan ta bi ni tana zungurar hannuna da baki, ina ɓoye hannun a baya ina kuka. Da la'asar na saci ragowar lallen Inna na shafa mata a farin ƙirjinta, don in gane ta a cikin taro. Inna ta yi faɗa, Baba Tsoho ya ce, "Ƙyale ta, ai matafiyi da ado yake fita."

Kashegari muka fita da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu, muka ratsa gonakin acca da aka yanke da na dawa da suka sunkuyar da kai. Da muka hau tudun ƙarshe na tsaya cik. Fadamar da na sani koriya ta zama baƙa daga wannan gefe zuwa wancan. Cikin dare wasu ayarorin sun sauko daga arewa sun haɗu da namu, har lissafina na aji uku ya gaza. Abin da ya fi kama ni shi ne rashin hayaniyarsu: taro irin na Idi, amma ba ka jin kome sai ƙarar ciyawa a ƙarƙashin sawunsu. Na shige tsakanin wasu duwatsu biyu, lulluɓe da baƙin zanen Inna. Baba Tsoho ya gangara da ita a hammatarsa, ya ajiye ta a bakin taron, ya bi wata hanya dabam ya ɓace.

Ta tsaya ita kaɗai tana juya kai. Ta nufi hanyar gida, ta yi taku kamar goma, ta tsaya. Sai ta yi ɗan kukan nan da take yi mini in tana jin yunwa. Harshena ya riga ya hau ganɗa zai ƙyasta. Na cusa gefen zane a baki na cije. Ta sake yi, na sake cijewa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Daga bisani wata fara ta tashi a gabanta, yunwa ta sa ta kai mata sara, ta haɗiye. Ta bi ta biyu, ta bi ta uku, har ta kutsa cikin 'yan'uwanta, ba wadda ta kore ta.

Da hantsi ya ɗaga, duwatsu suka ɗumama, sai wata babba daga tsakiyar fadamar ta buɗe fikafikai ta tashi, wasu suka bi ta, sa'an nan ƙasar gaba ɗaya ta ɗaga. Ƙarar fikafikansu ta zo mini kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Suka soma kewayawa, da'ira bisa da'ira, na ƙasa suna bin na sama, har suka zama hasumiya mai juyawa wadda gindinta ke kan fadama, kanta ya shige cikin haske. In sun juyo sai ka ga fari, in sun ba da baya sai baƙi. A ƙasa saura 'yan kaɗan, tawa tana cikinsu. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar ta. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ruga da gudu irin na kaji, ta yi tsalle, ta taso ƙasa-ƙasa tana dukan iska da wahala, ta bi ta kan dutsen da nake, har na ga jan lallen sarai. Can sai ta daina kaɗa fiffike. Iska ta karɓe ta, ta ɗaga ta kamar yadda take ɗaga sauran. Na bi ta da ido kewaye ɗaya, kewaye biyu; a na uku ban ƙara sanin wace ce ita ba. Hasumiyar ta karkata kudu, ta warware ta zama dogon zare, ta haye tsaunuka.

Na tarar da Baba Tsoho a gindin wata ɗorawa, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Subhanallahi. Wa ya gaya musu rana, wa ya nuna musu hanya?" Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku gaban ruwa." Na ce amin.

Yau Laranto tashar mota ce da rumfunan 'yan kasuwa, fadamar kuwa an cike ta an yi gini, kuma jikokina ba su san lokacin yankan acca ba, balle ranar tashin ayari. Duk da haka, in damina ta ja jiki nakan sa a fitar mini da kujera da hantsi, wani lokaci in hangi biyar ko shida suna kewayawa bisa wayoyin lantarki, in yi musu addu'ar hanya. Ban taɓa sanin ko tawa ta dawo ba. Na reni 'ya'ya bakwai bayanta, kuma duk wanda ranar tashinsa ta zo, na san yadda ake kame baki.