Sarangin da Aka Ɗora Kan Kabad

Tribhuwan maƙwabcina ne tun muna yara. Ƙofar gidansu tana kallon rumfar da nake sayar da shayi da ganyen taunawa da ake kira pan, a wani lungu na Banaras wanda mota ba ta shiga, sai keke da saniya. Ya ɗan girme ni, don haka Bhaiya, wato yaya, nake ce masa har yau da dukanmu muka yi furfura. Duk unguwa an san shi da gugaggiyar riga da rashin hayaniya. Ya yi aiki a ofishin jirgin ƙasa tun yana saurayi har ya ajiye, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Mahaifinsa, Lalta Prasad, makaɗin sarangi ne, wani kayan kiɗa mai kama da goge, haka ma kakansa. Aikin mai sarangi shi ne ya zauna bayan mawaƙiya, ya jingina kayan kiɗan a kafaɗa, yana goga tsarkiya yana bin muryarta. In ta hau ya hau, in numfashinta ya ƙare ya riƙe mata sautin har ta dawo. Mawaƙan kuwa matan benayen unguwar Dalmandi ne, inda attajirai ke zuwa sauraro. Kafin mu tasa, mutunci ya riga ya fita daga waɗannan benaye, ya tafi da na duk wanda ya ci abinci a cikinsu. A makaranta yara sukan tare Tribhuwan su ce, "Jiya bayan wace babanku ya zauna?" Sai ya wuce abinsa. Ni ma na taɓa yin dariya tare da su, kowa ya yi.

Tsoho ya so ya koya masa. Sarangi ba da kan yatsa ake danna shi ba, da gindin farce ne, kuma sai fatar wurin ta yage ta warke sau da yawa kafin ta yi kanta. Da yatsun Tribhuwan suka fara jini, sai ya ce ba ya iya riƙe alƙalami. Uban ya dubi yatsun, ya ce, "To, riƙe alƙalamin." Daga nan bai sake kiransa zama ba.

Amma tsohon bai fasa nasa kiɗan ba. Ko bayan da benaye suka rufe, kullum rana ta yi sanyi zai zauna a ɗakin sama ya buɗe taga. Yana da son wani rag, wato salon kiɗa, da ake kira Marwa, na faɗuwar rana, mai yawo yana kewaye sautin tushe kamar mutumin da ya zo ƙofar gidansu ya kasa shiga. Mahaifiyata, wadda ba ta san komai game da kiɗa ba, takan dakata da murza fulawa har sai ya gama. Na sha ganin mai tura kura ya jingina kurarsa a bango ya tsaya, ba tare da ya san daga ina sautin ke fitowa ba.

Tribhuwan ya sami aiki, ya sami ƙarin girma, sai maganar aure ta taso. Yarinyar, Urmila, 'yar wani lauya ce daga ƙetaren gari. Da aka tambayi sana'ar uban ango, mai shiga tsakani ya ce dattijo ne mai hutawa a gida. Ana saura kwana kaɗan dangin amarya su zo ganin gida, Tribhuwan ya hau sama. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, bayan shekaru masu yawa.

"Babuji, mutanen nan za su zo."

"Na ji. An share tsakar gida?"

"An share. Dama cewa na yi, ko za a ɗan ajiye wannan. Har a gama biki."

Tsoho bai tambaye shi dalili ba. Ya sassauta tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe sarangin a tsohon bargo, ya ce, "Kai ne dogo, ɗora min kan kabad."

Aka yi biki, amarya ta tare, aka haifi 'yarsu Nandini. Ba wanda ya hana tsoho ya sauke kayansa, ba kuma wanda ya ce ya sauke. Shi yana jiran ɗansa ya yi magana. Ɗan kuwa ya ji daɗin shirun, yana ce wa ransa ai in yana so zai sauke da kansa. Urmila mace ce mai kirki, ta riƙe surukinta da kyau, takan jiƙa masa gurasa a madara da haƙoransa suka zube, amma sai da ta yi shekaru a gidan kafin ta san abin da ke cikin bargon. Da ta tambayi mijinta, sai ya ce tarkacen tsofaffi ne.

Lalta Prasad ya koma mutum mai zama. Yakan zo rumfata ya sha shayi, yatsun hagunsa suna hawa da sauka a jikin sandarsa bai sani ba. Da la'asar yakan ce zai taka bakin kogi, ya dawo bayan an kunna fitilu. A haka ya shafe shekara goma sha wani abu, har ya rasu cikin wani sanyi. Tribhuwan ya yi masa duk abin da ɗa ke yi, ya aske kai, ya kunna wutar ƙona gawa, ya ciyar da mutane. Kowa ya yaba.

Bayan ya ajiye aiki, Urmila ta rasu, hawan jini ya kama shi, barci ya ƙi. Nandini, wadda ke aiki a Pune, ta zo hutu ta rubuta sunansa a wani ajin safe da ake yi a bakin kogi, inda tsofaffi ke zama kan tabarma suna koyon numfashi. Ya je 'yan kwanaki lafiya lau. Wata safiya ina hura wuta sai na gan shi ya shigo lungu babu takalmi.

"Bhaiya, birai ne suka sace maka takalmi, ko sabon salon ibada ne?"

Ya zauna kan bencina, abin da bai cika yi ba saboda rigarsa.

"Malamar ta kunna mana kiɗa," ya ce. "Ta ce mu rufe ido, mu saki duk abin da ke ranmu. Ta ce an bincika, wannan kiɗa yana sauke jini."

"To, ai alheri ne."

"Sarangi ne. Marwa. Da sassafe, ka ji, ko lokacinsa ba ta sani ba." Ya yi wata guntuwar dariya. "Na duba, kowa ya rufe ido, fuska ta yi sanyi. Har da wani tsohon alƙali, hawaye na bin kumatunsa. Irin mutanen da na ɓoye Babuji saboda su."

Na miƙa masa shayi, ya riƙe bai sha ba.

"Babuji bai yi min gardama ba, ka gane? Da ya zage ni ranar, da na sauke masa kafin sati. Kalma ɗaya ce kawai yake jira daga bakina, ni kuma ina wucewa ta gaban kabad ɗin nan safe da yamma."

Ranar ya sauke bargon. Fatar gaban sarangin ta tsage, tsarkiyoyin hanji sun tsinke, ƙananan na ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashi sun yi tsatsa, ɓera ya yi sheƙa a ciki. Muka kai shi wurin wani mai gyara, Ishtiyak. Yana juya shi ya gane na wane ne, don uban Ishtiyak ɗin ne ya yi masa fata ta ƙarshe. Cikin hira yake ce mana Fulmati tana nan da rai, wato mawaƙiyar da Lalta Prasad ya fi daɗewa yana yi wa kiɗa. Tribhuwan ya ce zai je, amma ba shi kaɗai ba. Na rufe rumfa na raka shi.

Mun same ta a wani ɗaki na ƙasa, a gidan jikar 'yar'uwarta, ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, baki kuwa yana nan. Tribhuwan ya sunkuya ya taɓa ƙafarta, ya faɗi sunansa.

"Babban mutum na jirgin ƙasa," ta ce. "Ka yi ɓatan hanya ne? Tashar tana can yamma."

"Wurinki na zo, Baiji."

"Ka makara, ɗana, kasuwa ta tashi. Zauna. Wane ne wannan mai warin citta?"

Na ce mai shayi ne. Ta ce to in yi shiru.

Tribhuwan ya fara magana yana inda-inda, cewa shi ne ya raba ubansa da kiɗa. Ta katse shi.

"Wa ya ce maka ya rabu da shi? Ina kake tsammani yake zuwa da la'asar?"

"Bakin kogi."

"Kogi. Nan yake zuwa. Ina da wani tsohon sarangi na wani da ya mutu ya bari, mai muryar tunkiya, shi yake ɗauka. Ni muryata ta riga ta tafi, ba wanda zai bi, sai ya yi shi kaɗai. Shekarun da muka yi a bene ban san ya iya haka ba, don a lokacin kunnena yana kan kaina. Yakan ja sauti ɗaya ya tsaya a kansa har in manta ina da gwiwa mai ciwo. Wata rana na farka na ga duhu ya yi, shinkafa ta ƙone, ban yi barci ba kuma. Ni da wata mai wanki muka ji wannan, ba na uku."

"Babu wanda ya ɗauka a faifai?"

"Wa zai ɗauka? Mai wankin?"

Tribhuwan ya tambayi abin da ya kawo shi.

"Me yake cewa a kaina?"

"Ya ishe ni da kai. Ɗana kaza, ɗana kaza, jirgi ba ya tashi sai ɗana ya sa hannu. Na ce masa, to me ya sa ba ka yin wannan a gidanka? Ya ce yaro yana dawowa a gajiye, yana bukatar shiru."

A hanyar komawa, da muka zo bakin lungu, Tribhuwan ya ce min, "Na je ne ta tsine min." Na ce ai ka ji, bai riƙe ka ba. Ya ce abin da ya fi masa nauyi ke nan.

Da Ishtiyak ya gama gyara, Tribhuwan ya nemi malami, yana da shekara sittin da ɗoriya. Yatsunsa suka yi jini kamar na farko, ya naɗe su da tsumma ya ci gaba. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai iya ba. Watannin farko masu shan shayi sukan ɗaga kai su ce, "Yau ma ana yanka akuya a sama?" Wani ya ce saniyar lungu ta sauya wurin kwana. Shi da kansa yakan leƙo ta taga ya ba da haƙuri. Bai taɓa kai wa ga kaɗa rag ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya samu shi ne dogayen sautuka, yana jan su a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa tambayarsa ko yana samun sauƙi.

"Akwai lokacin da yatsa ke faɗawa daidai," ya ce. "Sai ƙananan tsarkiyoyin nan su amsa da kansu, ba ka taɓa su ba, ka ji abin yana rawa a ƙashin kafaɗarka. Tsawon numfashi ɗaya babu ni, babu komai. Sai in dawo, in tuna Babuji wannan yake samu kullum, kuma ni na ɗora shi kan kabad."

"To ka daina mana, tunda ciwo yake ƙara maka."

"A'a. Dā ban san girman abin da na karɓe ba. Gara in sani."

Yakan ɗauki sarangin a keken haya ya kai gidan Fulmati, ya ja mata sautukansa. Takan ce masa hannunsa na mai buga hatimi ne, ya sake. Haka suka yi har ta rasu. Yana cikin mutane kaɗan da suka ɗauki makararta, da gugaggiyar rigarsa, a gaban idon duk wanda ya san ko wace ce ita.

Shekara biyu da suka wuce sanyin ƙashi ya kama masa hannu, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Nandini ta matsa sai ya koma Pune wurinta. Kafin ya tafi ya ba da sarangin ga wata malamar firamare, Shabnam, wadda ke koyo wurin malaminsa da aron na wasu, ya kuma ba ta hayar ɗakin sama. Ita hannunta mai kyau ne. Ranar tafiya ya tsaya a rumfata yana jiran keken da zai kai shi tasha, ya sha shayi a tsaye, ya ce sukari ya yi yawa kamar kullum.

Yana kirana a waya duk ƙarshen mako. Yakan tambayi gwiwata, ya tambayi wa ya mutu a lungu, ya yi ƙorafin cewa mutanen Pune ba su iya haɗa pan ba. Nandini ta ce min jininsa ya sauka da magani, amma barcin har yanzu kaɗan ne.